Yadda Ake Ajiye Kwafin Bayanai a Sabar Mai Nisa

Da farko a tanadi sabar (wato kwamfutar da ke ajiye bayanai) ta biyu a wani gari dabam, domin kada gobara ko ambaliyar da ta cinye ta farko ta haɗa da ita. A haɗa su ta SSH (amintacciyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa) da mabuɗin sirri, sannan a sa cron (manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka tsara) ya riƙa tayar da rsync (manhajar kwafar fayiloli) kowane dare, tunda abin da ya canza kaɗai rsync yake turawa. A kula da zaɓin --delete na rsync, mai goge duk abin da babu shi a sabar farko, domin duk fayil ɗin da aka goge bisa kuskure zai ɓace a can ma. Shi ya sa ajiye kwafin kwanaki da dama ya fi. Duk wata a gwada dawo da bayanan a wata kwamfuta, a buɗe su a duba.