Yadda ake gano inda matsala take idan manhajar ajiya tana lalata faifai

Ranar wata Asabar, ana yayyafi, wani Alhaji da muke sallah a masallaci ɗaya a Agege ya shigo shagona riƙe da baƙar leda. Ya zazzage ta a kan tebur, sai ga faifan DVD guda tara, kowanne an rubuta masa kwanan wata da alƙalamin maka.

"Malam, duba mini wannan abu," in ji shi. "Yaron ofis ya ce manhajar ce ta lalace. Wani faifan ta tsaya a tsakiya, wani kuma ta ce ta gama, amma in ka sa shi a wata kwamfutar kamar ba a taɓa rubuta komai a kai ba."

Lissafin cinikin goro ne na shekara biyu, da hotunan rasit. Na ce, "Alhaji, kada a yi saurin yanke mata hukunci." Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa wajen rubuta faifai: manhaja, faifan kansa, na'urar da ke rubutawa, sai wuta. A cikinsu manhajar ce kaɗai mai baki, ita ke fito da saƙon kuskure, don haka ita ke shan zagi ko da laifin na wani ne. Aikin mai gyara shi ne ya ware su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da raba aikin gida biyu

Manhajar ajiya tana yin abu uku a lokaci guda: tana tattaro fayiloli, tana matse su, tana tura su faifai. Shi kuwa faifai ba ya son jira. A gudun 16x, wato ninki goma sha shida na gudun asali, DVD na buƙatar kusan megabait 22 a kowace daƙiƙa ba yankewa. Idan kwamfutar ta yi nauyi, bayanan da ke jira a ɗan rumbun cikin na'urar suka ƙare, sai leza, wato hasken da ke rubutu a kan faifai, ta tsaya. A da can shi ke nan faifai ya mutu. Tun wajen shekarar 2000 aka fara sa wa na'urori kariya irin BURN-Proof ta Sanyo, wadda ke dakatar da rubutu ta ci gaba daga inda ta tsaya, amma faifan da aka yi ta tsayawa ana tashi a kansa ba abin dogaro ba ne.

Saboda haka ka shiga saitin manhajar, ka canza inda take ajiyewa daga faifai zuwa wata folda a cikin kwamfutar, ka bar ta ta yi aikinta. Idan a nan ma ta tsaya, to faifai ba shi da laifi. Buɗe rahoton aikinta ka nemi sunan fayil ɗin da ta tsaya a kansa. Sau da yawa fayil ne da ke buɗe a wani wuri, kamar Excel ko Outlook da aka manta ba a rufe ba. Wani lokaci kuma folda ce cikin folda cikin folda, har tsawon adireshin ya wuce haruffa 260 da tsofaffin manhajoji ke iya ɗauka a Windows. In kullum a kan fayil ɗaya take maƙalewa, kuma kai ma ka kasa kwafarsa da hannu, ka zargi rumbun kwamfutar, ka kwashe abin da za ka iya zuwa filas tun kafin dare ya yi.

Idan kuwa ta gama lafiya lau, ka sallami manhajar. Matsalar tana gaba.

Auna kayan kafin ka ɗora

An rubuta 4.7GB a bayan faifan DVD, amma lissafin masu masana'anta ne. A lissafin Windows abin da yake ɗauka bai wuce 4.37 ko 4.38 ba. Mutum zai tara fayilolin gigabait 4.5 ya ce ai da sauran wuri, alhali babu. Ni ba na wuce 4.2. Dalili shi ne rubutu daga tsakiyar faifai yake farawa ya yi ta zagayowa zuwa baki, kuma bakin nan ne wurin da faifai mai araha ya fi rauni, nan ne kuma yatsu ke taɓawa. Duk aikin da ke mutuwa a kashi casa'in da wani abu cikin ɗari, ka fara duba nan. CD-R megabait 700 ne, DVD mai hawa biyu 8.5GB, amma mai hawa biyun ya fi rigima, ban cika ba da shawararsa ba.

Akwai kuma fayil guda da ya wuce gigabait 4, irin bidiyon biki ko na wa'azi da aka ɗauka a jere. Tsohon tsarin jera fayiloli a faifai, ISO 9660, ba ya karɓarsa cikin sauƙi, sai ka zaɓi tsarin UDF a saitin manhajar. Idan kayan sun fi faifai ɗaya, manhajar 7-Zip na iya yanka su gunduwa-gunduwa, sai dai in faifai ɗaya ya lalace sauran sun zama banza. Gara ka raba da hannu, wata-wata ko shekara-shekara, kowane faifai ya tsaya da ƙafarsa.

Rubuta da wata manhajar, kuma ka rufe faifan

Yanzu ka ɗauki foldar nan ka rubuta ta da wani abu daban. ImgBurn kyauta ce, rabon da a sabunta ta tun 2013, amma har yanzu tana aiki, kuma tana faɗin abin da ke faruwa layi-layi. Windows ma na iya rubutawa da kansa. Idan ka sa sabon faifai zai tambaye ka ko ka yi amfani da shi kamar filas, ko kuma irin wanda ake sawa a na'urar kallo. Zaɓi na biyu. Na farkon yana da daɗi, kana jefa fayil kaɗan-kaɗan, amma yana barin faifai a buɗe, kuma in ba a rufe zaman rubutun yadda ya kamata ba wata kwamfutar ba za ta ga komai ba.

Abin da ya samu uku daga cikin faifan Alhaji ke nan. Na juya su a hasken fitila, ga zoben rubutu nan ya yi duhu daga tsakiya, alamar akwai kaya. Yaron yana danna maɓallin na'urar ya zare faifai kafin ta gama rufewa. Da muka mayar da su cikin na'urar da ta rubuta su, biyu suka buɗe.

Rage gudu. Faifan da aka rubuta masa 16x, ka ba shi 8x ko 4x. A 8x cikakken DVD bai fi minti tara ba, a 4x kwata ɗaya na awa. CD kuma 16x ya wadatar. Kafin ka sha shayi an gama.

Faifan kansa

A nan ne Legas take nuna halinta. A Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba za ka samu faifai iri-iri, sunan da ke saman kuma ba lallai shi ne na wanda ya ƙera ba. Kowane faifai yana ɗauke da lambar masana'antarsa a ciki, ImgBurn na nuna ta da zarar ka sa shi: MCC, RITEK, CMC da sauransu. Idan ka samu irin da na'urarka ke so, rubuta lambar a takarda. Kada ka sayi tulin hamsin kai tsaye. Sayi biyu daga wannan, biyu daga wancan, ka gwada tukuna. Wanda aka shanya a rana a bakin titi ka wuce shi, domin fuskar da leza ke rubutawa a kai rini ce, zafi da hasken rana suna cinye ta tun faifan bai shiga na'ura ba. DVD-R da DVD+R ba abu ɗaya ba ne, in ɗaya ya ƙi ka gwada ɗayan.

Kafin rubutu na'urar tana gwada ƙarfin lezarta a wani ɗan fili da ke can tsakiyar faifai. Idan saƙon da kake gani yana magana a kan kasa daidaita ƙarfin leza, tun kafin a rubuta ko harafi ɗaya, to ko faifan ne ko lezar ta gaji. Faifai iri uku daban-daban suka ba da saƙo ɗaya, lezar ce.

Na'ura da wuta

Yawancin laftof na yanzu ba su da wurin faifai, sai a sayi ta waje mai igiyar USB. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, USB 3.0 kuma 900, injin da ke juya faifai da leza a tare kan nemi fiye da na farkon. Shi ya sa wasu ke zuwa da igiya mai kai biyu. Soka duka biyun. Kada ka bi ta ƙaramin akwatin nan mai raba USB, in kuma babbar kwamfuta ce, yi amfani da ramukan baya. Laftof ta kasance a caji, ka hana ta barci. Kada ka fara rubutu lokacin da ake shirin komawa janareta, sai in kana da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, don ƙiftawar wuta ɗaya ta isa.

Lezar CD daban, ta DVD daban, a cikin na'ura ɗaya. Don haka kada ka ce ai tana karanta CD lafiya. Ƙurar hunturu da danshin teku suna haɗuwa su dusashe idon lezar. A na'urar laftof idon a fili yake in ka jawo tiren, ɗan auduga da ɗigon sifirit, a hankali, ka bar shi ya bushe.

Kada ka yarda da "an gama"

Sa alama a akwatin Verify, manhajar ta sake karanta faifan ta kwatanta da asali. Bayan haka kai shi wata kwamfutar, ka kwafe komai zuwa wata folda, ka buɗe fayil daga farko, tsakiya da ƙarshe. Ga fayil mai muhimmanci, rubuta certutil -hashfile sai sunan fayil sai SHA256 a baƙin allon umarni na Windows, ka yi wa na asali ka yi wa na faifai. Kowanne zai fito da doguwar lamba, lambobin biyu su zo daidai harafi da harafi.

Rubuta suna da maka mai laushi, ban da biro, musamman a CD, wanda bayanansa ke dab da fuskar sama. In za ka goge, daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Kowane faifai a gidansa, a tsaye, nesa da taga da bangon da ke tsattsafo da damina. Yi kwafi biyu, ka kuma bar ɗaya a filas ko rumbun waje.

Na Alhaji dai, da muka zare na'urar daga akwatin raba USB muka soka ta a bayan kwamfutar, muka rage gudu zuwa 8x, faifai huɗu suka fita a jere ba tangarɗa, da manhajar nan da aka yi ta zagi. Kwafi na biyu ya sa a ambulan ya ba direban da ke kai masa goro Kano, ya ce a miƙa wa ƙaninsa.