Darasi na 9: Koya wa ƙaramin yaro ɗebewa da zane

Ranar da kika ba mai kayan miya naira 500, kika sayi tumatir da attaruhu na naira 350, ba ki bar gaban tirensa ba sai da ya miƙo miki canjin 150. Ba ki ɗauki biro ba, ba ki tambayi kowa ba. To, wannan ita ce ɗebewa, kuma kin iya ta tun kafin ki zo ajin nan. Abin da muka ƙara miki a darasin baya shi ne yadda ake rubuta ta a takarda. Yau za mu ga yadda za ki fara nuna wa yaronki ɗan shekara 4 ko 5, wanda bai shiga aji ɗaya na firamare ba tukuna. Da uwa nake magana, domin ita ke wuni da yaro, amma uba ko yaya ko kaka duk za su iya.

Kada ki ce ai za a koya masa a makaranta. Gaskiya ne, dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta shekarar 2004 ta haɗa har da ƙananan yara, kuma wasu makarantun firamare suna da ajin share fage. Amma ba kowane gari ke da shi ba, kuma inda yake, malama ɗaya ce ga yara cike da ɗaki. Ba za ta iya zama da naki shi kaɗai ta kalli yatsansa yana ƙirga ba. Ke kina iyawa.

Fara gwada ƙirgarsa

Yaro yakan rera "ɗaya, biyu, uku" har zuwa goma kamar waƙa, alhali bai san abin da yake faɗa ba. Saboda haka ki zuba masa dabino 5 a faifai, ki ce ya ƙirga yana taɓa kowanne da yatsa. Idan ya gama, ki tambaye shi, "To, nawa ke nan?" In ya ce biyar, ya shirya. In kuwa ya koma ya fara daga ɗaya, ko bakinsa ya riga yatsansa gudu har ya kai bakwai, to ki dakata da ɗebewa. Ku yi mako ɗaya ko biyu kuna ƙirga cokula da takalma da awaki, har ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin duka.

Idan ya shirya, ki fara da abin da zai riƙe a hannu. Dabino ko aya ko gyaɗa sun fi tsakuwa, don kuwa ana cinye su. Ki ajiye 3, ki ce ya ci 1, sannan ki ce, "Saura nawa?" Wanda ya ci ya tafi ke nan, ba ya dawowa, kuma yaron ya san haka domin a bakinsa ya tafi. Ki tsaya a kan 3 da 4 da 5 na 'yan kwanaki. Kada ki wuce 5, yawan yatsun hannu ɗaya, sai ya ƙware.

Zane ba ya motsi

A nan ne iyaye da yawa ke tuntuɓe, har da wasu malamai, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Wata rana a ajinmu na matan aure wata ɗaliba ta zo ranta a ɓace. Ta ce, "Malama, autata kanta ba ya ja. Da dabino tana ba ni amsa daidai, amma da na zana mata a takarda sai ta rikice." Na ce ta zo da ita gobe. Da suka zo na zana ƙwai 5 a bayan kwali, na ja wa 2 layi, kamar haka:

O O O Ø Ø

Na ce, "Auta, ƙwai biyu sun fashe. Saura nawa?" Yarinyar ta ɗora yatsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har da masu layin, ta ɗago kai ta ce, "Biyar." Uwar ta ce, "Kin gani ko, Malama?" Na nuna biyun na ce, "Waɗannan fa?" Sai ta ce, "Ai suna nan. Layi kawai kika ja musu."

Wallahi yarinyar nan ta fi mu gaskiya. Ƙwan suna nan a kan kwali, idonta na ganin su. Mu manya ne muka shirya tsakaninmu cewa layi yana nufin abu ya tafi, kuma babu wanda ya gaya mata. Sai muka fita tsakar makaranta, na zana ƙwai 5 a ƙasa da tsinke. Na ce, "Biyu sun fashe, share su da hannunki." Ta durƙusa ta goge biyu da tafin hannu, ƙura ta tashi. Kafin in tambaya ta ce, "Saura uku." Uwar ta kama baki.

Don haka ki bi zanen hawa-hawa. Da farko ki zana a ƙasa, ko da gawayi a kan siminti, inda za a iya gogewa, kuma yaron ne zai goge da kansa. Bayan kwana biyu ko uku ki koma kan kwali, ki ce ya rufe waɗanda suka tafi da tafin hannu ko da murfin kwalba, ya ƙirga waɗanda yake gani. Sai ya saba da wannan sannan ki kawo layi. Ranar da za ki kawo shi, ki gaya masa a fili: "Duk wanda muka ja wa layi ya tafi, ba ma ƙirga shi." Ki ba shi gawayin ya ja da hannunsa.

Akwai kuma wani irin hoto da ake bugawa a wasu littattafan yara da ake sayarwa a kasuwa. Za ki ga mangwaro 5 a hagu, alamar ɗebewa a tsakiya, sannan wasu mangwaro 2 a dama. Ƙaramin yaro zai ƙirga duka ya ce bakwai, kuma ba laifinsa ba ne, mangwaro 7 aka zana masa. Idan kin ci karo da irin wannan shafi, ki tsallake shi ki zana naki.

Ba sai kin iya zane ba. Da'ira ta isa ta zama ƙwai ko ƙosai ko lemo, tsayayyen layi ya zama rake. Gidan da ba a son zana abu mai rai, sai a tsaya kan kofuna da ganye da gwangwani, lissafin bai canza ba. Abu ɗaya dai, kada a ɗauko allon karatun yaro na makarantar allo a yi wannan zane a kai. Kwalin sabulu ko na taliya ya wadatar.

Kowane zane da labarinsa

Zane shi kaɗai bebe ne, ke ce za ki ba shi baki. Ki ɗauko labarin daga abin da yaron ya sani. Kaza ta fito da 'yan tsaki 5, shirwa ta sauko ta sure 1. Inna ta soya ƙosai 4, Baba ya ci 2 kafin ya tafi gona. Kwale-kwale 3 a bakin kogi, 1 ya haye. Ki zana a gabansa kina ba da labarin, kada ki zana a ɓoye ki kawo masa. Gani ya kori ji, amma a nan gani da ji tare suke aiki.

Idan ya ɗan saba, ku yi musaya. Ki zana 4, ki soke 1, ki ce, "Kai ba ni labarin." Abin da zai faɗa shi zai nuna miki ko ya gane. Yaron da ya ce "Akuya ta cinye ɗaya" ya kama hanya.

Kalmomin da za ki riƙa maimaitawa kaɗan ne: ɗebe, cire, tafi, saura. "Biyar a ɗebe biyu, saura uku." Kuma ki lura, harshenmu da kansa yana ɗebewa a cikin ƙirga. Tsofaffi ba kasafai suke cewa goma sha tara ba, sai su ce ashirin ba ɗaya, wato 20 a cire 1. Goma sha takwas kuma ashirin ba biyu. Wannan ya yi wa ɗan shekara 4 nisa, amma ke ki san cewa abin da kike koya masa ba baƙo ba ne a gidanku.

Lambobi su zo a ƙarshe

Sai yaro ya yi makonni yana ba da amsa da baki sannan ki rubuta lamba a ƙarƙashin zane:

O O O Ø Ø
5 − 2 = 3

Ki nuna masa 5 ki ce su ne duka ƙwan. Ɗan gajeren layin nan (−) shi ke cewa "a ɗebe". Layi biyun (=) su ke cewa "daidai da", ko kuma a wurinmu yanzu, "saura". Ba dole ne ya iya rubuta su ba. Hannun ɗan shekara 4 bai gama ƙwari ba, in ya juya 3 ta kalli baya ki ƙyale shi, zai gyara.

Ki gwada masa kuma a cinye duka. Ƙosai 3, aka ci 3, saura nawa? Zai yi dariya ya ce babu. Ki ce masa babu ma tana da lambarta, ki zana 0, ki ce sunanta sifili. Yara suna son wannan ƙwarai.

In ya yi kuskure kada ki ce "a'a" da tsawa, balle ki ɗaga hannu. Ki ce, "Mu sake ƙirgawa tare." Yaron da aka doka a kan lissafi yakan daina kallon zanen ya koma kallon fuskar mai tambaya, yana cankar amsar da za ta cece shi, kuma wannan ɗabi'a tana bin sa har makaranta. Minti 10 ya isa a rana. Bayan la'asar, in ya ci abinci ya huta, ya fi lokacin da yake jin barci. Ya fara wasa da gawayin ko yana leƙen waje, ki sallame shi.

Aikin gida

1. Ki gwada ƙirgar yaronki da abubuwa 5. Ki rubuta a littafinki ko ya faɗi yawansu ba tare da ya sake farawa ba.

2. Ki zana waɗannan a kan kwali, ki soke waɗanda aka ɗebe, ki rubuta amsa da kanki kafin ki kai wa yaro:

4 − 1 =
5 − 3 =
3 − 2 =
2 − 2 =

3. Ki ƙirƙiro labari ɗaya daga abin da ya faru a gidanku a wannan mako, ki rubuta shi a jimla biyu ko uku, ki zana hotonsa a ƙasa.

Ranar aji mai zuwa kowa ta zo da kwalinta. Wadda ba ta da ƙaramin yaro a gida ta ari na maƙwabta ko jika. Za mu zauna biyu-biyu, ɗaya ta zama uwa ɗaya ta zama yaro, kowa ta faɗa mana amsar da yaron ya ba ta ranar da ta fara jan layi.