Shirya jakar kwana a jeji: a fara lissafi daga ruwa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zafi ya lafa, matasanmu na Makka da Jidda kan fita kwana a duwatsun Shafa da Hada kusa da Ɗa'if, wasu har ramin Wahba mai zurfin kusan mita 250. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika jaka da abinci, sai a ƙarshe a nema wa ruwa wuri. A ƙasar nan ruwa ake fara aunawa.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Mai tafiya a ƙasa, ko da sanyi ne, ya ƙiyasta lita 4 a yini, sha da girki. Kaya kuwa kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka: mai kilo 70 ya tsaya a 14. To, yini biyu da dare ɗaya sun cinye kilo 8, saura 6 na tanti, bargo, abinci da ita kanta jakar. Shi ya sa tafiyar da ta wuce haka sai a bar jarkar lita 20 a mota, a riƙa dawowa ɗiba. A raba ruwan goyo cikin gorori na lita ɗaya da rabi, don idan ɗaya ta fashe ba a yi asarar duka ba.

Abinci ma da ruwan da zai ci ake zaɓensa. Shinkafa da taliya suna shan ruwa wajen dahuwa, su sake sha wajen wanke tukunya. Garin kwaki kuwa kofi guda ya jiƙa shi, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da madarar gari, an gama. Dabino da gyaɗa su ne na ci ana tafiya, kaɗan-kaɗan duk bayan awa ɗaya. Kilishi yana da auki kuma ba ya lalacewa da wuri, amma yajinsa na jawo ƙishi, don haka a bar shi sai dare. Gwangwanin kifi ɗaya ya isa. Na wake rabinsa ruwan gishiri ne kake goyo. Gram 700 zuwa 800 na busasshen abinci a yini ya wadatar da mutum guda. A ƙulla na kowane ci a ledarsa, a ƙara ƙulli ɗaya na ko-ta-kwana.

Ɗanyen nama ba na jakar goyo ba ne.

Wajen zubi, bargo da kayan barci su sauka can ƙasa. Ruwa, tukunya da ƙaramin risho na gas su zauna a tsakiya, manne da gadon baya, a tokare su da tufafi kada su yi ta motsi. Idan nauyi ya koma bayan jaka ko samanta, zai riƙa fizgar mutum baya a gangare, nan ne ake gurɗewa. Sama a sa rigar sanyi, tocila, magunguna da gishirin zawo. A fara ɗaure maɗaurin ƙugu ya kama sosai, sannan na kafaɗa. Ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan kayan. Kafaɗa ta fara zogi, ɗaurin ne bai yi ba.

Risho wajibi ne, domin doka ta hana sare itatuwan jeji, kuma akwai tara. Kada a kafa tanti a cikin kwari komai laushin yashinsa, ruwan da ya sauka a kan dutse nesa yana iya isowa da dare. Biran Hada sun saba da leda, da sun ga ta a hannu za su fizge, sai a rufe abinci cikin jaka. Da asuba a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Kafin a bar inda waya ke kamawa, a sanar da na gida wurin da za a kwana da lokacin dawowa, a kuma riƙe lambar motar asibiti, 997.