Yadda za ka kashe kukan puli na fambel ba tare da ka kashe kuɗi da yawa ba

Jama'a masu tsohuwar mota, musamman mu da muke bin hanyar Garwa zuwa Marwa cikin ƙurar hunturu, ƙura ce ke cinye giris ɗin boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da puli ke juyawa a kansa, har puli ya fara ƙugi.

Da farko ka tada inji ka fesa ruwa kaɗan a kan fambel, in kukan ya ɗauke to fambel ne ya tsufa, in bai ɗauke ba matsalar tana puli. Kashe mota, cire kan batir. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoton yadda fambel ya zagaya da wayarka, wallahi wannan kar ka tsallake shi.

Sa sifana ka danne tenshina, wato abin da ke riƙe fambel ya yi tauri, zare fambel, sai ka juya kowane puli da hannu. Mai lafiya shiru yake juyawa, wanda ya mutu za ka ji gurus-gurus a yatsanka ko yana girgiɗi.

Kwance pulin da ya mutu, amma a kula, wasu motocin notin hagu ne, wato juyin dama ke kwance shi. In pulin ƙarfe ne ba sai ka sayi sabo ba, boris kawai za ka canza, lambar tana jikinsa, da yawa 6203 ne, ka je da tsohon wajen masu kayan mota ka nemi mai murfin roba gefe biyu. Buga sabon da soket a bakin zoben waje, kar ka bugi tsakiya, nan take zai lalace. Pulin roba kam sayi sabo gaba ɗaya.

Mayar da fambel bisa hoton, duba ya zauna cikin layinsa, maida batir ka tada.