Yadda za a kafa bankin cimaka da zai tallafi iyalan ƴan bida a Adar

A ƙauyukan Keita, Buza da Illela, da an gama girbi maza suke kama hanyar Abijan, Libiya ko Najeriya. Idan Yuni ya yi rumbu ya riga ya ƙare, aike bai iso ba, tiyar hatsi kuma ta yi tsada. Wannan giɓin ne bankin cimaka yake toshewa, wato rumbun gari da ake sayen hatsi da kaka a ajiye, a sayar wa mutanen gari da sauƙi da damina.

A fara da ƙidayar gidaje a gaban maigari, a ware waɗanda mace ce kaɗai take riƙe da su, da baƙin da suka sauka ba su da gona. Sai lissafi: buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kusan tiya 40. Gida mai mutum 7 yakan ci kusan tiya ɗaya da rabi a rana, ke nan buhu ba ya cika musu wata. Banki ba zai ciyar da gari duk damina ba. Idan gidaje 50 ne, buhu 100 ya isa a fara, kowane gida buhu 2.

A sayi hatsi a Oktoba ko Nuwamba, daga manoman garin ko a kasuwa irin ta Badagishiri. A gwada ƙwayar da haƙori: idan ba ta fashe da ƙara ba, da sauran danshi, a sake shanya ta. A cikin mangaza a jera buhuna kan katako, a bar tazarar kamu ɗaya daga bango saboda gara, a toshe ramukan ɓera, a gyara rufi kafin ruwan farko. Wake kuwa sai buhun PICS, wanda iska ba ta shiga, mai ruɓi uku, a ɗaure kowane ruɓi daban.

Kwamiti ya zama mutum 5 ko 7, mata su fi yawa, don su ne suke gari shekara duka. Namijin da zai tafi bida kada a ba shi makulli. Kwaɗo 3, makullai a hannun mutum 3, kuma mai rubuta kaye ba shi ne mai ajiyar kuɗi ba.

Wurin sayarwa ne yawancin bankuna suke mutuwa. A ce an sayi buhu jika 20, dako da buhu da ladan mai awo sun ci jika 1. Idan aka sayar jika 18 don tausayi, kaka mai zuwa buhu 100 ya koma 85. A sayar jika 23, muddin yana ƙasa da kasuwa. A riƙa awo tiya-tiya da tiya guda, a sa iyakar abin da gida zai saya a mako, in ba haka ba ƴan kasuwa za su aiko yara su kwashe.

Bashi fa? Abin yana da nauyi, don wadda ta zo tana cewa maigida zai aiko sau da yawa gaskiya take faɗa. Amma hatsin da ya fita bashi da wuya ya dawo cikakke. Gara ta ɗauki rance a asusun Mata Masu Dubara, tsarin adashi da rance da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, ta saya kuɗi hannu, ta biya asusu idan aike ya iso. Tsofaffi da marayu a ware musu buhu 5 daga zakkar hatsi, a rubuta shi a shafi daban.

Kuɗin da aka tara kada ya kwana a ɗakin kowa har kaka. A kai shi asusun ajiya da sa hannun mutum 2, a karanta lissafi a bainar jama'a kafin sayen sabon hatsi.