Yadda za ki zaɓi garin furotin in kina son rage ƙiba

Tun da matan Nima da Mamobi suka kama fita motsa jiki da asuba, garin furotin ya yi kasuwa. Wata ta sayo a Accra Mall, wata a hannun mai talla a WhatsApp, kowacce an yi mata alƙawarin tumbi zai sace. 'Yar uwa, garin nan abinci ne, ba ya narkar da kitse. Aikinsa biyu: ya riƙe miki ciki ki daɗe ba ki ji yunwa ba, ya kuma kare tsokarki sa'ad da kika rage ci, don kada nama ya zube kitse ya zauna daram.

Fara da lissafi. Macen da ke motsa jiki na buƙatar furotin kamar giram 1.2 zuwa 1.6 kan kowane kilo na nauyinta a yini. Mai kilo 70 ke nan giram 84 zuwa 112, alhali ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne. In safiyarki koko da ƙosai ce, rana waakye da gutsuren kifi, dare tuwo, da wuya ki kai. Giɓin nan garin zai cike. In kuwa kifi, wake, wagashi da kaza ba sa yanke miki, riƙe kuɗinki.

Na biyu, juya robar ki karanta bayanta, gaban ado ne kawai. Ludayin da ke ciki yakan ɗauki gari giram 30, ya kamata ki samu furotin giram 20 zuwa 25 a cikinsa, kalori kamar 110 zuwa 130, sukari ɗan kaɗan. Duk robar da aka rubuta wa "mass gainer", ajiye ta. Ta masu son ƙara jiki ce, awo ɗaya na iya haura kalori 1000. Robobin nan masu ruwan hoda da ake cewa na mata ne zalla kuwa, ni dai ban ga abin da suka fi sauran ba sai tsada.

Na uku, nau'in garin. Wanda ya fi yawa a shaguna shi ne "whey", ana yinsa da ruwan da ke saura in an kafe madara an yi cuku. Mai "concentrate" ya fi araha amma da sauran sukarin madara a ciki, mu kuwa da yawanmu in mun sha madara sai ciki ya kumbura ya yi ta ƙugi. In haka kike, nemi "isolate" wanda aka tace sosai, ko na waken soya. Kolajin, wato furotin da ake samowa daga fata da ƙashin dabba, kada ki dogara da shi don tsoka, furotin ɗinsa bai cika ba.

Nan kuma maganar halal ta shigo, Hajiya. Wani kolajin da jelatin (sinadarin da ke sa abinci ya yi kauri) daga alade ake samo su, sinadarin kafe cuku ma wani lokaci daga cikin dabba yake fitowa. Duba tambarin halal kafin ki biya.

Na huɗu, ki tabbata hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana (FDA) ta yi wa kayan rajista, ki duba ranar lalacewa, ki ga marfin a like yake. Wanda ake aunawa a leda ba suna ba komai, ko kyauta ne bar shi.

Sai sha. A nan ake yawan ɓata rawa da tsalle. Ki dama da ruwan sanyi kawai. In kika zuba madarar gwangwani, Milo da cokali biyu na sukari, kin koma gidan jiya. Kofi ɗaya a yini ya isa, kuma ya maye gurbin wani abu ne, misali burodi da lemon kwalba na la'asar, ba ƙari kan abin da kika saba ba. Ki haɗa da ɗaga ɗan nauyi aƙalla sau biyu a mako, ko da galan ɗin ruwa ne a tsakar gida.

Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa su fara ganin likita tukuna. Robar kuma ki riƙa rufe ta gam, ludayin a bushe, don raɓar Accra ba ta wasa, nan da nan garin zai dunƙule.