Darasi na 9: Magini Ya Ce Gobe

Wata ɗaliba a ajinmu na yamma, mai sayar da ƙosai da koko, ta shekara huɗu tana zubin adashi don ta tayar da ɗaki biyu a filin da ta gada. Ranar da ta yi kwasa, a ranar ta aika aka kira magini. Suka yi jinga. Ya ce a ba shi rabin kuɗin ya ɗauko yara su fara. Ta ƙirga ta miƙa masa, ba shaida, ba takarda. Ya zo kwana uku, ya haƙa fandisho, ya jera bulo layi huɗu. Rana ta huɗu ba a ga ƙeyarsa ba.

Ta kira shi a waya. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, rasuwa aka yi mana. Gobe in Allah ya yarda da sassafe za ki gan ni." Gobe ta yi, waya a kashe. Bayan mako biyu ɗanta ya hango shi a wata unguwa, a kan ginin wani, yana ɗaura linta. Kafin ya dawo damina ta sauka, ruwa ya kwanta a ramin, buhu shida na siminti suka daskare a soro.

Da ta ba mu labari, kusan kowa a ajin ya ce shi ma an taɓa yi masa. Wani kafinta ne, wani mai walda, wani mai wayarin. Shi ya sa muka ware wannan darasi.

Me ya sa suke ɓacewa?

Yawancinsu ba ɓarayi ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, mai sana'a ba ya son aiki ya wuce shi, sai ya karɓi na mutum uku a lokaci guda. Kuɗin da ka ba shi yau, da shi zai ƙarasa aikin wanda ya karɓi nasa a watan jiya ya cinye. Naka kuma sai wani sabon ya kawo nasa. Wanda ya fi matsa masa, ko wanda bai gama biyansa ba, can yake kwana. Wanda ya biya duka tun farko shi ne na ƙarshe a layi, don ba abin da ya rage a hannunsa da zai jawo mai aikin.

Wannan ita ce maganar darasin gaba ɗaya. Aiki ya shige gaba, kuɗi ya biyo shi a baya. Duk ranar da kuɗinka ya riga aikin, kai ne za ka koma kana bi kana roƙo.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a lura da shi. Leburori da magina da yawa manoma ne, da ruwa ya sauka za su tafi gida shuka. Gab da salla kuma kowa kuɗi yake nema, nan ne ake yawan karɓar aikin da ba za a iya gamawa ba.

Kafin ka ba shi aiki

Kada ka tsaya a kan abin da ya faɗa da bakinsa. Gani ya kori ji. Ka ce ya kai ka gida biyu da ya gina, ɗaya sabo, ɗaya wanda ya sha damina biyu ko uku. Ka dubi bango ko ya tsage, ka dubi kusurwa, ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Sannan ka koma kai kaɗai, ba tare da shi ba, ka tambayi mai gidan: ya gama a kan lokaci? Ya nemi ƙari a tsakiyar aiki? Za ka sake ba shi? Ka san gidansa da mai unguwarsa. Lambar waya kaɗai ba adireshi ba ce.

Ka nemi farashi daga mutum uku. Idan biyu sun yi kusa da juna, na uku ya faɗo ƙasa warwas, ka yi hattara da na ukun. Araha ba ta ado. Ko dai zai rage siminti, ko kuma aiki na kaiwa linta ya ce kuɗi ya ƙare.

Ɗan'uwa fa? Ni dai a ganina, ba shi aikin gini ya fi na bare wuya, don kunya za ta hana ka magana har sai ɓarna ta auku. In dole ne, to a rubuta kamar yadda za a rubuta da bare.

Yini, jinga ko kwangila

A aikin yini, kullum da yamma ake biya. Ba ya gudu da kuɗinka, amma yana iya jan ƙafa, aikin kwana biyar ya zama na tara. A jinga, ana yanke kuɗin aikin hannu gaba ɗaya, kaya naka ne. A nan sauri ne abin tsoro, don yana son ya gama ya wuce. A kwangila kuwa, shi zai sayi kaya, shi zai yi aiki, nan ne aka fi samun rage ingancin kaya. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke gini kaɗan-kaɗan, jinga mataki-mataki ta fi sauƙin riƙewa: fandisho daban, daga nan zuwa linta daban, rufi daban, filasta da daɓe daban. Kowane mataki a gama shi, a duba, a biya, sannan a yi cinikin na gaba. In ya saɓa a na farko, asararka kaɗan ce, sai ka nemi wani.

Takardar yarjejeniya

Wasu na ganin rubuta takarda rashin yarda ne. Ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ba sai an je wurin lauya ba. Fallen takarda ɗaya ya isa, kuma ku da kanku za ku iya rubutawa yanzu. Ga misali:

Yau ranar ______ ga watan ______, ni ______ na ba ______ aikin ɗaga ɗaki biyu daga fandisho zuwa linta da bulo mai inci 9. Kuɗin aiki naira ______. Kafin alƙalami naira ______. Za a biya naira ______ idan gini ya kai taga, naira ______ idan an zuba linta. Ragowar naira ______ sai bayan an duba aiki. Zai fara ranar ______, ya gama ranar ______. Idan ya yi kwana uku bai zo ba kuma bai aiko da uzuri ba, mai gida na da damar ba wani aikin, a auna abin da ya yi a biya shi daidai. Sa hannun mai gida. Sa hannun mai aiki. Shaidu biyu.

A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, ka kuma ɗauki hotonta da waya. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Kafin alƙalami ya zama ɗan kaɗan, abin da zai sallami leburori na kwana biyu ko uku. Shi kuwa ragowar ƙarshe, ba kai ka fara ba: a manyan kwangiloli ma ana riƙe kashi 5 ko 10 cikin 100 na wasu watanni, har a ga ko aiki zai nuna aibi. Ga mai rufin kwano, ka riƙe nasa har a yi ruwan farko in damina ta kusa.

Ka sayi littafi guda na gini kawai. Duk kuɗin da ya fita, ka rubuta rana da adadi da dalili, wanda ya karɓa ya sa hannu. In ta banki ka tura, kada ka goge saƙon.

Ido a kan kaya

A nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba, don haka bari mu ɗan daɗe.

Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki biyu, wato kwanon da leburori ke ɗaukar yashi da shi. Kwaɓin kankare da aka saba yi wa ginshiƙi da linta shi ne 1 da 2 da 4. Ma'ana, buhu ɗaya na siminti, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa. Ka tsaya ka ƙirga da idonka ranar zubi. Idan ka ga yashi na ta shiga buhu bai ƙaru ba, ka yi magana a lokacin. Tun ran gini ran zane. Da kankare ya kama, magana ta ƙare.

Da safe ka fitar da buhunan da za a yi aiki da su, ka rubuta. Da yamma a dawo maka da buhunan da aka zazzage, ka ƙirga. Ka fitar da takwas, a dawo da fanko takwas. Wannan ɗan abu ya hana buhu da yawa bin bayan baro zuwa wani wuri. Siminti kuma a ajiye shi kan katako, nesa da bango da danshi.

Bulo, ka je wurin bugawa da kanka. Ka kankare shi da ƙusa, in yana zuba kamar gari, siminti bai ji ba. Ka ɗaga ɗaya ka sake shi a ƙasa. Mai kyau zai jure ko ya rabe biyu, marar kyau zai wargaje. Bango mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana cin bulo kamar 10, da wannan za ka gane in an yi maka ƙarin ƙiyasi. Bandir ɗin kwanon rufi na gama-gari falle 20 ne. Rodi kuma akwai cikakke akwai ragagge, duk a kira su mai kaurin milimita 12, don haka ka tafi da wanda ya sani.

In mai aiki ya nace sai shago kaza za a sayi kaya, wataƙila yana da la'ada a can. Ka tambayi farashi a shago biyu kafin ka biya, ka karɓi rasit.

Akwai gwajin kusurwa da kowa zai iya. Daga kusurwar ɗaki ka auna ƙafa 3 a bango ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan. Tsakanin alamomin biyu ya zama ƙafa 5 cif. In bai kai ba ko ya wuce, ɗakin ya karkace, mai tayil ne zai tona asirin daga baya.

Abin da za a binne ya fi komai bukatar ido: rodi cikin kankare, waya da bututu cikin bango. Kada a rufe sai ka gani ka ɗauki hoto. Mai famfo ya saki ruwa a bututu a ga ba yoyo kafin a yi filasta. Mai wayarin ya nuna maka waya, mai kauri 1.5 ta fitila ce, soket kuwa mai 2.5 yake so, kuma ta tagulla. Kankare na son ban ruwa aƙalla kwana 7, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Kafintan da ke gaggawar cire katakon da ya tallafe rufin kankare don ya kai wani aiki, ka hana shi. Bene kuwa ba aikin magini shi kaɗai ba ne, a nemi injiniya mai rajista da izinin hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano.

Wadda ba ta samun fita, ko wanda ke aiko da kuɗi daga Legas ko Saudiyya, ya wakilta mutum ɗaya amintacce wanda ba shi ne mai aikin ba. Hoto kaɗai ba ya isa, an sha tura wa mutane hoton ginin wani. A ce a ɗauko bidiyo tun daga bakin layi, a nuno ƙofar maƙwabci.

Idan ya riga ya gudu

Kada ka ƙara masa ko sisi don ka lallashe shi ya dawo. Kada kuma ka kawo wani ya ɗora a kai nan take. Ka fara ɗaukar hoton inda aiki ya tsaya, ka kira wani magini da shaidun nan biyu su ƙiyasta abin da aka yi. Ka aika masa saƙo a rubuce, ka ba shi wa'adi, misali kwana bakwai. In bai zo ba, ka je wurin maigidansa da ya koya masa sana'a, ko shugaban ƙungiyarsu, ko mai unguwa. Sau da yawa a nan ake gamawa, don mai sana'a na tsoron sunansa ya ɓaci a cikin 'yan'uwansa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Mutane na saurin zuwa ofishin 'yan sanda. Ku sani Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. In ya sayar da simintinka ko rodinka, wannan laifi ne, aikin 'yan sanda ne. In kuwa aiki ne bai gama ba, maganar sulhu ce ko ta kotu, kuma alƙali takarda da shaidu zai tambaya. Kada ka ƙwace kayan aikinsa ko babur ɗinsa da hannunka, sai gaskiyarka ta koma laifi.

Mu ma masu gida muna da namu. Wani zai sa a rushe taga sau biyu don ya sake shawara, ya ƙi ƙara kuɗin aiki. Wani zai tara ma'aikata ba yashi ba ruwa, yininsu ya tafi a banza. Wani a gama masa aiki ya shiga yi musu gobe, irin goben da yake kuka da ita. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. In ka canja tsari, a zauna a sake ciniki, a rubuta a bayan takardar nan, kowa ya sa hannu.

Aikin gida

1. An yi jinga a kan naira 400,000. Za ka riƙe kashi 10 cikin 100 sai an duba aiki. Nawa za ka riƙe?
2. Za a kwaɓa buhu 3 na siminti a kan 1 da 2 da 4. Kwano nawa na yashi, nawa na tsakuwa?
3. Ka fitar da buhu 12 da safe. Da yamma an kawo fanko 9, cikakke 1. Buhu nawa za ka tambaya?
4. Ka kwafi takardar yarjejeniya a littafinka, ka cike guraben da aikin da kake son yi a gidanka, ka kawo aji ranar Asabar mu karanta tare.